Ra'ayinmu: A gwada allo kafin a miƙa kuɗi

Cikin kayan latironi da ake shigowa da su Maraɗi daga Kano, Legas, Dubai da Sin, akwai wani allo marar kauri, mai kama da faranti, wanda ake haɗawa da kwamfutar tafi-da-gidanka domin a samu fuska biyu ko uku maimakon ɗaya. Amfaninsa a fili yake. Ɗan kasuwar da ke sari zai iya buɗe lissafin kaya a allo ɗaya, saƙonnin abokan ciniki na WhatsApp a ɗayan. Mai aikin fiton kaya ta Ɗan Isa zai duba takardu biyu a jere ba tare da ya rufe ɗaya ba. Amma ra'ayin wannan jarida shi ne, kada ɗan kasuwa ko uwar da ɗanta ɗalibi ya roƙa su fitar da ko dala ɗaya sai an haɗa allon da kwamfutarsu, sun gani da idonsu.

Dalili na farko, ba kowace kwamfuta ce ke ɗaukar allo biyu ba. Yawancin waɗannan alluna suna aiki da ƙaramar kafar nan da ake kira USB-C, irin ta cajin wayoyin zamani. To, sai dai kafar kan yi kama a ido, aiki ya bambanta: wata tana fitar da hoto, wata kuwa caji da kwasar bayanai kaɗai take yi. Haka igiyar ma. Tsofaffin kwamfutoci ƴan gwanjo, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, galibi kafar HDMI ɗaya gare su, ma'ana allo ɗaya. Tsada ma ba ta raba gardama: MacBook Air mai M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020, allo ɗaya tak take ɗauka a waje, in ba an bi ta wata dabara ba.

Dalili na biyu, akwai ruɗu a wajen ƴar na'urar da ke raba HDMI gida biyu. Wani mai shago zai ce da ita an gama. Gaskiya ita ce hoto ɗaya take maimaitawa a alluna biyu, kamar madubi. Wanda ke son kowane allo da aikinsa daban sai ya nemi na'urar haɗi irin mai DisplayLink, wadda ke buƙatar a sa mata manhaja, kuma kuɗinta ya fi yawa. Araha dai ba ta ado.

Dalili na uku shi ne wuta, kuma shi ya fi damunmu. Allon da ba shi da batir nasa daga cikin kwamfuta yake sha. Allo biyu kuwa baki biyu ne a kan tukunya ɗaya: batirin da kan kai mutum azahar sai ya mutu da hantsi. Mutanen Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa sun san wutar NIGELEC ta wannan yanki ta layin Katsina take zuwa, kuma ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke ta saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. Wanda ba shi da sola ko janareto a shago, ya fara lissafin wuta kafin lissafin allo. A ƙara da zafin bazara da ƙurar hunturu, waɗanda ba sa raga wa na'ura.

Saboda haka muna kira ga mai saye ya ɗauki kwamfutarsa zuwa shago, a haɗa duka allunan a lokaci ɗaya, a cire caji, a buɗe aiki daban a kowanne. Mai Windows ya danna maɓallin Windows tare da P, ya zaɓi faɗaɗa allo. Ya karɓi rasit, da sharaɗin mayarwa a rubuce. Iyaye mata da ke tara ribar ƙuli-ƙuli, mai da albasa domin ɗa ko ɗiya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ku tambaya: karatun ne ke buƙatar allo uku, ko kuwa gani ga wane? Sau da yawa allo ɗaya na ƙari ya wadatar, kai har talabijin ɗin gida mai kafar HDMI yana iya yin aikin.

Su kuma masu shaguna, mun san ku ma sari kuke yi, ba ku kuka ƙera ba. Amma faɗin aibin kaya wajibi ne a addini da al'adar kasuwa. Maraɗi da amana ta yi suna a fatauci, kuma ribar allo ɗaya ba ta kai darajar abokin cinikin da zai dawo gobe ba. Shugabannin ƴan kasuwa su sa baki, gwaji kafin biya ya zama doka a kowace rumfar kayan latironi.

Allah ya sa albarka a nema.