Sabuwar Waya Ko Ta Bara: Lissafin Da Ke Gaban 'Yan Arewa Mazauna Kudu

Kusan kowace shekara a cikin watan Satumba kamfanin Apple na ƙasar Amurka ya kan fito da sabon samfurin wayarsa ta iPhone, kuma kafin mako biyu su cika sai a ga kayan sun iso Titin Otigba na unguwar Ikeja a Ikko, watau kasuwar nan da a ke kira Computer Village. Daga ranar, wayar da jiya a ke yi wa kirari ta zama tsohon yayi, farashinta ya soma sauka, masu hali kuma su soma kai nasu shago domin a karɓa su yi ciko su ɗauki sabuwa. Haka kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya ke yi da manyan wayoyinsa na Galaxy S a farkon shekara.

Wannan al'amari ya daɗe da shigowa zangon Hausawa. Ɗan canji a Allen, da dillalin albasa a Mile 12, da mai sayar da raguna a Alaba Rago, da ɗan kasuwar Sabo ta Badun ko ta Shagamu, duk sun san tambayar: a sayi wadda ta fito bana, ko kuwa a koma baya a ɗauki ta bara ko ta bara waccan? Tambayar ta fi zafi idan Salla ta gabato, sa'ad da mutum ya ke shirin tafiya gida, domin kowa ya san abin da a ke fara dubawa a hannun wanda ya dawo daga Kurmi.

A da can wannan magana ce ta ƙawa kurum, amma abu biyu sun mai da ita maganar jari. Na farko shi ne faɗuwar Naira. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen N460 a farashin gwamnati, tana wajen N750 a bayan fage. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin watan Fabrairu na 2024 ya ƙare dala ta haura N1,500, kuma a wajejen nan ta yi ta kai da komo a yawancin watannin 2025. Manyan wayoyi kuwa da dala a ke sayo su. Sa'ad da iPhone 17 Pro Max ta fito a Satumban 2025, Apple ya sa mata dala 1,199 a Amurka. A kan N1,500 ya kama kusan Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago ba. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 shi ne N70,000 a wata. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi shekara biyu da ɗoriya bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin waya ɗaya.

Na biyu shi ne wahalar takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira. Tun daga nan har mai shayi da mai tsire suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Ga baƙo mazaunin Kudu, wayarsa ita ce bankinsa, da ita ya ke aika kuɗin cefane gida, da ita ya ke ganin hoton kaya kafin mota ta taso daga Dawanau ko Illela. Ran da ta mutu ko ta ƙi buɗe manhajar banki, ran nan kasuwa ta tsaya.

Masu cewa a sayi ta bara suna da hujja mai ƙarfi, domin a shekaru da yawa bambancin da ke tsakanin samfuri da mai bi masa bai taka kara ya karya ba. Misali mafi bayyana shi ne iPhone 14 ta 2022, wadda aka sa mata ƙwaƙwalwar aiki irin wadda ke cikin iPhone 13 Pro ta 2021. Haka aka sake yi a 2023, aka ɗauko ƙwaƙwalwar 14 Pro aka sa wa iPhone 15. Watau babbar wayar bara ita ce a ke sake wa riga a mai da ita ƙaramar wayar bana. Wanda aikinsa bai wuce kira da WhatsApp da aika kuɗi da ɗaukar hoton kaya ba, ko an rantsar da shi ba zai iya nuna inda ɗaya ta fi ɗaya sauri ba. Har wa yau, fasahar nan ta ƙirƙirarriyar basira da Apple ya yi ta talla da ita a 2024, wadda ya ce sai daga iPhone 15 Pro zuwa sama za ta yi aiki, babu Hausa a cikin harsunan da aka fara da su.

To amma ba kowace shekara ce haka ba, kuma a nan ne masu riƙe da ƙa'ida ɗaya tak su ke yin kuskure. A 2020 iPhone 12 ta zo da layin 5G, wanda MTN ya buɗe a Nijeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. iPhone 11 kuwa ba za ta taɓa kama shi ba. A 2023 iPhone 15 ta yar da tsohon bakin caji na Apple ta koma irin wanda sauran wayoyi su ke amfani da shi, bayan Tarayyar Turai ta yi doka a kan haka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da zai kwana a mota daga Ikko zuwa Sakkwato, domin ko cajar Tecno ya aro a tasha za ta yi masa. A Satumban 2025 kuma Apple ya rage wa iPhone 16 dala 100 ta koma 699, ya sa wa iPhone 17 dala 799, alhali ma'ajiyar sabuwar ta ninka ta tsohuwar, fuskarta kuma irin ta manyan ce. A wannan karo wanda ya koma baya don ragin dala 100 shi ne ya yi asara.

Saboda haka sunan samfuri ba shi ne ma'auni ba. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne shekara nawa suka rage wa wayar. Kowace waya tana da wa'adin da kamfani zai daina aika mata sabuwar manhaja, kuma daga nan manhajojin banki da na saƙo su kan soma janye jiki ɗaya bayan ɗaya. iPhone 8 da iPhone X na 2017 an bar su a baya a 2023. iPhone XR da XS na 2018 an bar su a 2025 sa'ad da manhajar iOS 26 ta fito, kuma iPhone 11 ta 2019 ita ce mafi tsufa da aka ɗauka a wannan zagaye, watau ita ce a bakin layi a lokacin. A cikin 2025 ɗin ne kuma WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6. Ke nan rayuwar iPhone a hannun kamfani shekara shida ce zuwa bakwai, ko da ya ke a kan ci gaba da aiko 'yan gyare-gyaren tsaro na wani ɗan lokaci bayan haka. Samsung kuwa ya yi alkawarin shekara bakwai ga Galaxy S24 ta 2024 da waɗanda suka biyo bayanta, alhali S23 da ta riga ta da shekara ɗaya kacal sabuntawa huɗu aka yi mata alkawari, da shekara biyar na tsaro. A nan tazarar shekara ɗaya ta zama tazarar shekara uku ko huɗu.

Lissafin ba sai an koya wa ɗan kasuwa ba. Ya raba kuɗin wayar da shekarun da suka rage mata. Wayar da ta shekara biyu tana da sauran huɗu ko biyar, kuma kuɗinta ya riga ya sauka ƙwarai. Wadda ta shekara shida, ko an ba da ita a rabin wannan kuɗi, sauranta ɗaya, ran da za a sayar kuma babu mai taya ta da daraja. Araha ba ta ado.

Sai maganar batir, wanda shi ne ke fara tsufa. Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da na baya an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 zuwa sama kuwa bayan caji 1,000. Mai cajin waya kullum ya kan cika 500 a cikin shekara ɗaya da rabi. Ga zafin Ikko, ga cajin janareto. Wanda zai sayi ta hannu ya sa kuɗin sabon batir a cikin lissafinsa tun daga farko.

Babban haɗarin dai ba a tsufan wayar ya ke ba, a kasuwar ya ke. Da zarar sabon samfuri ya fito Apple ya kan daina sayar da manyan na bara, masu sunan Pro, don haka yawancin waɗanda a ke samu a Otigba, ko a Farm Centre ta Kano, na hannu ne da aka kwaso daga Turai da Amurka da Sin, waɗanda a ke kira 'yan Landan ko da ba su taɓa ganin Ingila ba. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Akwai kuma waɗanda aka canja wa fuska da batir da na jabu, akwai waɗanda kamfanin waya na can ya kulle ba su karɓar layin Nijeriya, akwai kuma waɗanda asusun mai su na farko ya ke ciki, waɗanda ran da aka goge su sun zama dutse. A ƙarshen 2025 an yi ta hayaniya a kafofin sada zumunta a kan wata sana'a da ta daɗe a ɓoye, watau a ɗauko injin iPhone XR ta 2018 a zuba shi a cikin ƙwanson da ya yi kama da 17 Pro Max. Daga nesa ido uku ne a bayanta, amma ɗaya ne ke gani, domin XR kyamara ɗaya gare ta a baya. Wanda ya saya da saninsa don a gan shi da ita ran Salla, kuɗinsa ne. Amma ya sani a cikin rigar akwai wayar da kamfani ya riga ya sallama. Wanda kuwa aka sayar wa ba da saninsa ba, an cuce shi sau biyu.

Gane waɗannan ba ya bukatar boko mai zurfi. A cikin saitin wayar akwai wurin da ta ke faɗin sunanta na gaskiya da lambarta, da ƙarfin batirinta, kuma a samfuran baya-bayan nan ta kan nuna ko an canja mata fuska ko batir ko kyamara. Idan aka danna *#06# lambar jikinta za ta fito, a gwada ta da wadda ke kan kwali da kan rasit. A sa mai shago ya goge wayar a gaban mai saye, a sa layi, a yi kira. Mai shagon da ya ƙi yarda da haka ya riga ya ba da amsa. Masu tare mutum a bakin titin Ikeja suna nuna waya a tafin hannu kuwa, ciniki da su cinikin biri a sama ne. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, 'yan sanda kuma suna bin lambar waya har hannun wanda ta ƙare gare shi. Baƙon da ba shi da rasit, ba shi da shagon da zai nuna, shi ne zai kwana a ofishinsu har Sarkin Hausawa ya aiko a yi belinsa.

Akwai wani tarko kuma da ya fi kama masu sabuwa. Tun daga iPhone 14, wayoyin da aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sa layi, sai layin da a ke saukewa a cikin wayar. A 2025 Apple ya faɗaɗa wannan tsari ga iPhone 17 da a ke sayarwa a wasu ƙasashe, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, watau inda alhazai da fataken Dubai su ke sayo tsaraba. MTN da Airtel suna ba da irin wannan layi, amma sai an bi ta hannunsu. Mutumin da ya saba in ya isa ƙauye ya zare layi ya sa wanda ya fi kamawa a can, ya yi tambaya kafin ya biya.

Idan aka haɗa duka, wanda sabuwa dal ta dace da shi mutum ne da kuɗin ba zai taɓa jarinsa ba, wanda kuma ya yi niyyar riƙe ta shekara biyar ko fi, ko wanda sana'arsa ta ɗaukar hoto da bidiyo ce. Shi ya sami garantin shekara ɗaya da cikakken wa'adi. Ga sauran jama'a, wayar da ta shekara ɗaya zuwa uku, daga shagon da ke da adireshi da rasit, ita ce kwalliyar da ke biyan kuɗin sabulu, in dai an duba shekarar ba ta cikin waɗanda aka yi babban sauyi. Mafi munin ciniki biyu ne: cin bashi ko taɓa kuɗin uban gida don wayar da darajarta za ta faɗi a Satumba mai zuwa, da kuma zuba kuɗi mai yawa a kan samfurin da ya haura shekara biyar don kawai tambarin da ke bayansa. Mai wannan kuɗi in ya sayi sabuwar Tecno ko Infinix ko matsakaiciyar Samsung a kwalinta, ya sami ramin layi biyu da sabon batir, kuma kowane mai gyara daga Agege har Argungu yana da kayanta.