Matafiyi ya wuce Madarunfa, wace tsaraba zai kai gida?



Mafi yawanmu mun san Indiya ta finafinai ne, rawa da waƙa. Amma akwai wani abu nasu da ya shafi tukunyarmu kai tsaye: yadda suke ciyar da matafiya. A can jirgin ƙasa ne babbar hanyar tafiya, kuma garuruwa da yawa an san su da abin da ake sayarwa a tasharsu. Wanda ya bi ta Agra zai sayi alewar "petha" da ake yi da wani irin kabewa. A Lonabala, tsakanin Mumbai da Pune, kantun gyaɗa ne da mazarƙwaila, suna kiransa "chikki". A Rajastan kuwa suna dama garin gero da tsala su sha, kusan dai hurarmu. Shayi ma a wasu tashoshi cikin ɗan kofin yumɓu ake ba ka. Ba wani abu ne na a zo a gani ba. Gyaɗa ce, gero ne, nono ne. Abin da suka yi shi ne suka maƙala sunan gari ga abincin, har mutum ya ji kunyar komawa gida babu shi.

To mu fa? Allah bai rage mu da komai ba. Ga kifin tabki, ga zogalen Jiratawa, ga aya da gyaɗar ƙasar Maraɗi. Baƙi ma ba mu rasa ba: masu ziyarar kusheyin waliyyai da ke kewaye da tabki, da motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Ga kuma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da ya fara tafiya, fasinjoji za su ji yunwa. Idan ba mu shirya ba, biskit da lemon kwalba za su ci kasuwar, mu tsaya muna kallo.

Matsalarmu ɗaya ce, kowa tata take yi. Dakuwar wance yau ta yi daɗi, gobe yaji ya yi yawa, jibi babu ita gaba ɗaya don an tafi biki. Matafiyi ba ya dawowa neman abin da bai da tabbas a kansa. A nan ma Indiyawa sun bar mana darasi. A 1959 mata bakwai a Mumbai suka ranci rupi 80, suka fara yin wata busasshiyar waina ta garin wake mai suna "papad". Ƙungiyarsu, Lijjat, yau tana da mata sama da 40,000. Wuri guda ake kwaɓa garin, kowa ta ɗauki rabonta ta murza a gida, ta maido a duba kafin a ƙulle. Shi ya sa ɗanɗanon bai canzawa. Mu da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a ƙasarmu ta Maraɗi tun 1991, har duniya ta kwaikaya, ai ba a koya mana haɗa kai ba.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya kafin zama na gaba.

Mu zaɓi abu ɗaya ko biyu, kada mu ce komai za mu yi. Mu fara da abin da ke jure tafiya: dakuwa, ƙuli-ƙuli, kantun gyaɗa, kyafaffen kifi, busasshen zogale. In ba a sayar yau ba, gobe ma kuɗi ne. Hura da kunun aya da kwaɗo kuwa sai a yi daidai cinikin yini, don a zafin nan namu ba su daɗewa suke tsami, uwar kuɗi ta tafi.

Mu tsaida awo guda. Tiya nawa na aya, sukari nawa, yaji nawa, a rubuta a littafin ƙungiya. Mace guda ta riƙa ɗanɗanawa kafin a fitar, kuma kada a ji haushinta idan ta ce a sake.

Sai maganar ruwa, wadda ba ta wasa ba ce. Ba mu manta da kwalarar 2018 ba, da yadda ta taɓa gidaje a nan yankin Madarunfa. Zoɓo ko kunun da za a ba baƙo, da tafasasshen ruwa ko na famfo mai tsabta za a yi shi, a wanke hannu da sabulu, a rufe daga ƙuda. Mutum guda ya sha cikinsa ya ɓaci, sunan gari duka ya ɓaci, don direbobi sun fi rediyo kai labari.

A sa suna. Ƴar takarda ce kawai a cikin leda: sunan ƙungiya, Madarunfa, da ranar da aka yi. Wanda ya kai wa iyalinsa a Katsina ko Damagaram ya san abin da zai tambaya in ya dawo.

Kuɗin farawa kuma, kada a kwashe asusu. A ranta kaɗan, ko jika goma, a gwada kasuwa huɗu, a zo a yi lissafi gaban kowa. In riba ta fito a ƙara, in ba ta fito ba a sake dabara. Kuma manya su riƙa tsayawa wurin sayarwa, kada a fidda ƴan mata daga makaranta a aza musu tire a bakin titi.

Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana yadda ta kaya, mu sanar da sauran. Allah ya sa albarka cikin nemanmu, amin.