Tsohon Raleigh Ya Sake Yin Daraja

Tun da Gwamnati ta janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, wasu malaman makaranta da akawuna suka jingine babur. To, a Gidan Igwai, nan Sakkwato, tsohon keken Raleigh, ƙirar Ingila, wanda dā aka yasar a zaure, shi ake cigiya wurin masu gyara. Dalili kuwa, ƙarfensa da ƙwari, yana ɗaukar buhun gero, kayan gyaransa ba wuyar samu.

Amma fa a ganinmu sai an yi hattara, gama wani dillalin yakan shafa fenti ya rufe walda. Mai saye ya ƙanƙare wuyan keken da gindin sirdi ya duba tukuna, kafin ya ce ya saya.