Kuɗin Nono Haƙƙin Mai Ƙwarya Ne

Jama'a, tun kaka da kakanni, ko da saniya ta maigida ce, da zarar an tatsa, nono na uwargida ne. Ita ke kaɗawa ta fid da man shanu, ta ɗauki ƙwarya a ka har kasuwar Wudil ko Dambatta. Da ribar take sayen gishiri da kanwa da maganin yara, ta sayi tunkiya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki.

A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya sanar zai hana dala ga masu shigo da madara, sai kamfanoni suka tuna akwai shanu a Arewa. An ɗage hanin a 2024, amma cibiyoyin tara madara sun riga sun iso. Ba mu ƙi ba. Damuwarmu rajista ce: sau da yawa sunan maigida ake rubutawa, kuɗi ya faɗa asusunsa. Mu maza kuwa mun san halinmu, babur ne ko ƙarin aure.

Muna kira ga arɗaɗe da shugabannin rassa, kada su sa hannu kan wata yarjejeniya sai an rubuta sunan mai ƙwarya, an buɗe mata asusunta.