Cinikin wuƙa ta intanet: Turai ta tsaurara doka, ƙananan maƙera na ji a jikinsu

Cikin shekaru biyu da suka wuce, wuƙa ta shiga sahun kayan da suka fi wuyar tsallaka iyaka ta hanyar kasuwannin intanet. Ingila ta soma, Faransa ta bi sahu, manyan kamfanonin ciniki kuma suka ƙara nasu sharuɗɗan a kan na gwamnatoci. Dalilin a fili yake, jinin yara ne da ya zuba. Sai dai matakan ba su tsaya ga masu laifi kaɗai ba, sun shafi mai dafa abinci, mahauci, da maƙerin da ke neman mai saye a ƙasar waje.

Abin da ya tayar da maganar

A ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ɗan shekara 17 ya kashe ƴan mata ƙanana uku da wuƙa a garin Southport na Ingila. Bincike ya nuna a shafin Amazon ya sayi wuƙar, alhali dokar ƙasar ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Kafin wannan, a 2022, an kashe Ronan Kanda, ɗan shekara 16, a Wolverhampton da takobin da shi ma ta intanet aka saye shi.

Gwamnatin Ingila ta haramta manyan wuƙaƙe da adduna masu haƙora da ake kira zombie daga 24 ga Satumban 2024, sannan ta haramta takobin ninja daga 1 ga Agustan 2025. Ta kuma ɗauko tsarin tantancewa sau biyu: mai saye ya nuna katin shaida mai hoto lokacin ciniki, ya sake nuna shi ranar da aka kawo masa kayan a ƙofar gida.

A Faransa, ranar 10 ga Yunin 2025 wani ɗalibi ɗan shekara 14 ya daɓa wa mai kula da ɗalibai wuƙa har lahira a ƙofar wata makaranta a garin Nogent. Firaministan lokacin, François Bayrou, ya yi alƙawarin toshe hanyar sayar wa yara wuƙa. A watan Nuwamba kuma gwamnati ta taso wa kamfanin Shein bayan an ga haramtattun kaya a shafinsa, har da makamai irin su adduna. Jami'an duwan suka tsare ƙunshin kaya dubu 200 na kamfanin a filin jirgin Roissy domin bincike, shi kuma ya dakatar da ƴan kasuwar da ke sayar da hajarsu ta shafinsa a ƙasar.

Ƙofa uku kafin kaya su iso

Wanda ya yi odar wuƙa daga wata ƙasa yakan ɗauka da zarar ya biya kuɗi magana ta ƙare. A gaskiya ƙofa uku ke gabansa, kowace da mai gadinta.

Ta farko ita ce kasuwar kanta. Kamfani na da ikon hana abin da doka ba ta hana ba. Tun 2009 eBay ya cire yawancin wuƙaƙe daga shafinsa na Ingila. Ga kamfanin da ke jigilar miliyoyin saƙonni, rufe ƙasa ɗungurungum ya fi sauƙi da arha a kan tantance kowane mai saye. Shi ya sa mutum zai ga kaya a shafi, ya zo biya a ce masa ba a aikawa zuwa adireshinsa.

Ta biyu ita ce mai ɗaukar kaya, gidan waya ko kamfanin jigila. Kowane yana da jerin abubuwan da ba ya karɓa. Dokar Ingila ta 2019 ta wajabta a rubuta a jikin ƙunshi cewa akwai abu mai kaifi a ciki, a miƙa shi hannu da hannu ga baligi, kada a bar shi a akwatin ajiyar saƙo.

Ta uku ita ce duwan, kuma a nan suna ke yanke hukunci. A kundin rarraba kaya da hukumomin duwan na duniya ke aiki da shi, wuƙar girki ko ta aljihu tana ƙarƙashin lamba 8211, addar noma tana 8201 tare da gatari, amma takobi da mashi suna 9307, a babin makamai. Ƙarfe ɗaya ne, maƙeri ɗaya na iya ƙera su duka, amma lambar da aka rubuta a takarda ita ke nuna ko haraji kawai za a biya ko sai an nemi izini. Bayan haka kowace ƙasa na da irin wuƙar da ta hana. Amurka, alal misali, ta hana shigo da wuƙar da ke buɗewa da danna maɓalli tun 1958. Idan duwan ta kama irin wannan, kaya sun tafi, kuma da wuya kuɗi su dawo.

Inda abin ya shafi Nijar

Mai saye a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ba shi ne babban mai asara ba. Wuƙar layya da ta fawa suna nan a kasuwa, ta maƙeran gida da ta Sin, a farashin da odar waje ba za ta iya karawa da shi ba. Wanda ya dage sai ta waje zai biya kuɗin jigila, harajin duwan, TVA na kashi 19 cikin 100, da kuma kashi 0,5 da ƙasashen AES suka sanya a 2025 kan kayan da ake shigowa da su.

Wanda ke cikin haɗarin asara shi ne mai sayarwa. Maƙeran Agadas da Tawa sun shahara da takubba da wuƙaƙe masu kube na fata da ado. A da ƴan yawon buɗe ido ne ke zuwa har rumfa su saya. Tun bayan tawayen 2007 da matsalar tsaro da ta biyo baya wannan kasuwa ta durƙushe, intanet da ƴan uwa mazauna Turai suka zama hanyar da ta rage. Yanzu ita ma tana ƙuntata. Maƙerin da ke aika takobi ɗaya ko biyu a wata ba shi da halin tantance shekarun mai saye a Lyon, ba shi da lauyan da zai bayyana wa jami'in duwan cewa kayan ado ne na gargajiya. Babban kamfani zai iya ɗaukar wannan nauyi ya zuba shi cikin farashi. Ƙaramin mai sana'a sai dai ya haƙura da cinikin.

Akwai kuma tambayar ko matakan za su kai ga abin da ake nema. Wuƙar da aka yi kisan Southport da ita ta girki ce, irin wadda ke kowane gida. Haramta masu siffar ban tsoro ba zai taɓa ta ba. Tantance shekaru a ƙofar gida ya fi kusa da tushen matsalar, idan har masu kai saƙo sun yi aikin da gaske.

A nan gida abu biyu ne ke hannun hukumomi. Na farko, duwan ta fitar da bayani a fili, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kan irin ƙarfen da ake shigowa da shi ba tare da izini ba da wanda ke buƙatar takarda, domin kada hukunci ya dogara ga ra'ayin jami'in da aka tarar a teburi. Na biyu, ma'aikatar da ke kula da sana'o'in hannu ta taimaki ƙungiyoyin maƙera su riƙa fitar da kayansu a dunƙule, da takardar shaidar asali da lambar duwan daidai, zuwa ga dillalin da ya san dokar ƙasar da za a kai su. Dokokin Turai ba za su sassauta nan kusa ba, kuma maƙerin da aka bari shi kaɗai a gabansu zai koma ƙera abin da kasuwar unguwa kawai ke saye.