Akwatin Dekart Da Ruwan Binuwai

Mutanen Namtari da Yola da Jimeta ba sa bukatar a yi musu bayanin ambaliya. A 2012, da kuma 2022, bayan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya tumbatsa ya ci gonaki da gidaje a Jihar Adamawa. Akan yi lissafin shinkafa da masarar da aka rasa, amma da wuya a ji mai lissafin takardu, watau shaidar makaranta, da takardar gona, da littafin da wani ya daɗe yana rubutawa. Yau kuwa rubutun ya koma cikin waya da kwamfuta, waɗanda suka fi takarda tsoron ruwa.

To, abin ya taɓa faɗa wa manya. Rene Dekart, shahararren masanin falsafar nan na Faransa, ya rasu a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 1650. Aka zuba takardunsa a akwati aka aika wa abokinsa Kilasiliye a Paris. Kamar yadda Baye, mai rubuta tarihinsa, ya ruwaito a 1691, jirgin da ya ɗauko akwatin ya nutse a kogin Sen, sai bayan kwana uku aka tsamo shi. Barori suka shanya takardun kamar wanki, suka cakuɗa su. A 1676 wani Bajamushe, Laibiniz, ya zo ya zauna ya kwafi wasu da hannunsa. Daga baya na asalin suka salwanta. Rubutun Dekart a kan lissafin siffofi masu kusurwoyi ta kwafin nan kaɗai ya iso ga mutane, da aka gano shi a Hanoba aka buga a 1860.

Malaman Fombina sun san wannan tun zamanin Modibbo Adama: almajiri ya kwafi littafin malaminsa ya tafi da shi garinsu, in gobara ta ci ɗaya, ɗaya na nan. Sirrin dai shi ne nisa. Kwafin da ke cikin filash, a jaka guda da kwamfutar, tare ruwa ko ɓarawo zai tafi da su. Gara a ajiye wani a Google Drive, ko a hannun ɗan'uwa a Kano.

Mai son fara karatun Dekart ya soma da ɗan littafinsa na 1637 a kan hanyar yin tunani. Kashi shida ne kacal, kuma da Faransanci ya rubuta shi, ba Latin ɗin malamai ba, don kowa ya karanta. Ƙa'idarsa ta farko ita ce kada mutum ya karɓi abu a kan gaskiya ne sai ya bayyana masa sarai. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da ke cewa ya ajiye kundinsa, alhali bai taɓa buɗe kwafin a wata na'ura ya gani ba, tun a wannan ƙa'ida ya faɗi.