Kangon Kanti da Izinin Hukuma

Duk wanda ya daɗe a Kano, ya kuma lura da yadda ciniki yake ƙaura daga wannan layi ya koma wancan, ba zai yi mamaki ba idan ya tarar da kantin da a da ake turereniya a ƙofarsa an garƙame shi da kwaɗo, ciyawa ta fito a farfajiyarsa. Manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da UTC, waɗanda iyayenmu suka ɗauka sun kafu ke nan har abada a biranen ƙasar nan, sun yi zamaninsu sun wuce. Kantin Shoprite ma, wanda aka buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero da ke titin Gidan Zoo a 2014, ya rufe ƙofarsa a watan Janairun 2024, tun bai cika shekara goma sosai ba. Wannan sunnar kasuwa ce, ba abin zargin kowa ba. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne makomar irin waɗannan wurare bayan masu su sun tashi, da kuma hanyar da hukuma take bi ta ba wani izinin rushe tsohon gini ya zuba sababbin shaguna a gurbinsa.

Ra'ayina shi ne, idan mai dukiya ya zo da nufin raya kangon kanti, wajibi ne hukuma ta karɓe shi hannu biyu, ta sauƙaƙa masa, kada ta bar takardunsa suna shan ƙura wata da watanni. Dalili kuwa a fili yake, domin wurin da aka riga aka san shi da saye da sayarwa, titi ya isa gare shi, wuta ta isa, maƙwabta sun saba da hayaniyarsa, shi ne mafi cancantar ɗaukar sabon ciniki. Barinsa kuma a yashe ba ya haifar da komai sai juji da mafakar ɓata-gari. Bugu da ƙari, buƙatar shago a garin da kullum jama'arsa ƙaruwa take yi ba za ta gushe ba don an ƙi ba ta wuri, sai dai ta malala inda bai dace ba, kamar ruwan da aka tare wa hanya. Shi ya sa muka wayi gari muna ganin shaguna a jikin katangar makarantu, da gefen maƙabartu, da kan badala, alhali ga tsofaffin kantuna da ɗakunan ajiyar kaya nan a kulle.

Amma fa izinin gini ba sha'ani ne tsakanin mai fili da ma'aikacin hukuma su biyu kaɗai ba, kuma a nan ne muke yawan tuntuɓe. Kanti guda babba, mai ƙofa ɗaya da wurin ajiye motoci, idan aka rushe shi aka mayar da shi bene mai hawa uku da ƙananan shaguna ɗari biyu, to, ko da fili bai ƙaru da taƙi ɗaya ba, nauyin da aka ɗora wa unguwa ya ninka sau da yawa: kowane shago da mai shi da yaransa da injin wutarsa, ga 'yan dako, ga manyan motoci masu sauke diloli, ga 'yan a-daidaita-sahu da za su yi layi a bakin titi, ga kuma ɗaruruwan mutane da za su buƙaci makewayi da wurin alwala tun daga hantsi har magariba. Mai gini, da yake ɗan Adam ne kuma kuɗinsa ya zuba, kowace kusurwa shagon haya yake hangowa a cikinta. Aikin hukumar tsara birane, wato KNUPDA a nan Kano, shi ne ta hango abin da shi ba zai so ya hango ba, ta tsaya a madadin maƙwabci da mai wucewa, waɗanda ba su da wakili a lokacin da ake zana taswirar.

Wannan ba bidi'ar Turawa ba ce, kamar yadda wasu suke zato. Fukaha'un mazhabar Malikiyya sun yi dogon bayani a kan haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabtaka, sun hana mutum ya ƙuntata hanyar jama'a da gininsa ko ya juya ruwan gidansa ya cuci na kusa da shi. Har wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, yana kafa hujja da shari'o'in da alƙalai suka tura shi ya duba da idonsa. Aikin muhtasibi ma a kasuwannin Musulmi bai tsaya ga mudu da ma'auni ba, har da hana rumfa cin hanya. Asalin ƙa'idar ita ce kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, kuma a kanta ne ya kamata kowace takardar izini ta ginu.

Mun kuwa ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan ƙa'ida. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna kimanin 3,800 a kasuwar Sabon Gari, kuma duk wanda ya taɓa kutsawa cikin lungunan kasuwanninmu ya san cewa wurin da baro yake wucewa da ƙyar, motar 'yan kwana-kwana ba ta da ta yi. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da gwamnati kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Kafin watan ya ƙare sai ga bene da ake cikin ginawa a titin Beirut, kasuwar 'yan waya, ya rufto a kan mutane. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da ya tsiro cikin dare ɗaya. Ko dai an ba shi izini ba tare da bincike ba, ko kuma an gina shi ba izini mahukunta suna kallo, kowanne daga cikin biyun kuwa cin amana ne.

Sai dai darasi mafi girma shi ne na rusau ɗin da aka yi a farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, lokacin da katafila ta bi ta kan sababbin gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi da wasu wurare da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bayar. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shaguna suka ce suna riƙe da takardun hukuma, sun kuma biya abin da aka nema. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba nufina ba ne in raba gardama tsakanin ɓangarorin siyasa biyu, illa dai in nuna cewa asarar ta faɗa a kan ɗan kasuwar da ya sayar da gona ko ya ci bashi ya kama shago, sannan diyyar ta fito daga baitulmalin talakawa. Da a ce tun kafin a haƙa harsashi an bayyana wa jama'ar gari abin da ake shirin yi, an saurari masu ƙorafi, to, da wasu gine-ginen ba a fara su ba sam, waɗanda aka fara kuwa da babu gwamnan da zai iske hujjar taɓa su. Izinin da aka bayar a ɓoye ƙarfinsa ba ya wuce wa'adin wanda ya sa masa hannu.

Saboda haka abin da nake roƙon Majalisar Dokokin jiha shi ne ta rubuta a cikin doka cewa duk mai neman sake gina wurin kasuwanci sai an kafa allo a bakin filin, da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da sunansa da yawan hawa da yawan shagunan da yake nufi; a sanar a rediyo, a kai wa mai unguwa da ƙungiyar 'yan kasuwar wurin kwafin taswira, a kuma ba da makonni ƙididdigaggu domin duk mai magana ya kawo ta. Bayan nan hukuma ta yanke hukunci cikin ƙayyadadden lokaci, ta rubuta dalilanta da sharuɗɗanta, ta ajiye su inda kowa zai iya zuwa ya karanta. Kada kuma a ba da damar buɗe shago ko guda sai an koma an auna, an tabbatar hanyar motar kashe gobara da magudana da makewayi suna nan yadda aka zana su, domin sau da yawa a tsakanin takarda da bulo ne wurin ajiye motoci yake rikiɗa ya zama ƙarin shaguna.

Na san za a ce wannan zai kawo jinkiri, ya kuma buɗe ƙofar hassada, kowa ya zo ya hana ɗan'uwansa gini. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa na ce a ƙayyade lokaci, kuma kada a karɓi ƙorafi sai wanda ya nuna cuta bayyananniya, ba tsoron kishiyar sana'a ba. Jinkirin makonni kaɗan ya fi wa mai dukiya alheri a kan ya kammala bene ya kwana da fargabar zaɓe mai zuwa.

Akwai kuma wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, wato 'yan tebur da masu shayi da masu gyaran waya da sukan raɓu a jikin kango shekara da shekaru, har su tara abokan ciniki a wurin. Ba su da takarda, ba kuma za su iya kuɗin hayar shekara biyu da dillalai suke nema a sabon bene ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin kowa, su ma kuwa suna cikin kowa. Don haka ya halatta, ya kuma kyautu, hukuma ta sa a cikin sharuɗɗan izini cewa a keɓe musu 'yan rumfuna a gefe da haya mai sauƙi, a kuma ba su wa'adi isasshe kafin ranar da za a fara rushe tsohon ginin.